DARASI: SA'AD DA HADARI YA HAƊO

Karatu: Farawa 8:15-22, Ibraniyawa 11:7.

Cikin watan Yuli na 2017 ambaliya ta ci gidaje da rayuka a Suleja. Cikin Mayu na 2025 kuma ta hallaka mutum fiye da 150 a Mokwa. Masana sun ce hayaƙin mai da kwal yana ƙara wa duniya zafi. Iska mai zafi kuwa takan ɗauki ruwa da yawa, ta zubar gaba ɗaya. Domin wannan waɗansunmu ba su runtsawa in hadari ya haɗo.

'Yan'uwa, Nuhu ma ya ji tsoro, amma tsoron Allah ne, ya kuwa sa shi sassaƙa jirgi. Alhini yakan kashe jiki, bangaskiya takan ba hannu aiki. Bayan rigyawa Ubangiji ya alkawarta shuka da girbi ba za su yanke ba. Bari fa mu kai masa alhininmu, sa'an nan mu yashe magudanai, mu bar gini bisa hanyar ruwa, mu dasa itatuwa.

Tambayoyi:
1. Waɗanne gidaje na ikilisiyarmu ke bakin rafi?
2. Wa zai buɗe musu ƙofarsa daren ruwa?