Darasi ga Iyaye: Zaɓen Darussa Kafin Yaro Ya Shiga Babbar Sakandare

Kowace shekara, yaranmu da ke aji uku na ƙaramar sakandare sukan rubuta jarrabawar da ake kira BECE, sa'an nan su dawo gida dogon hutu. Lokacin damina ta kankama, kowa hankalinsa na gona. A watan Satumba sai su koma, su shiga aji ɗaya na babbar sakandare, wanda galibinmu muke kira aji huɗu. A makonnin farko akan raba su, a ce wannan Kimiyya, wannan Adabi, wancan Kasuwanci. Sau da yawa uba da uwa ba su san an yi wannan rabo ba. Sai bayan shekara uku, an sayar da hatsi da awaki an biya kuɗin makaranta, yarinya ta nemi shiga makarantar jinya, a ce mata ba ta yi Kemistiri ba.

Wannan darasi domin hana irin wannan hasara ne. Mun shirya shi yadda za a iya karanta shi a gida, ko a taron ƙungiyar manoma, ko a zumuntar mata. In da hali, a karanta yaran suna zaune.

1. Yadda tsarin yake

Tun 1982 aka fara raba sakandare kashi biyu a Nijeriya, shekara uku a ƙarama, shekara uku a babba. A ƙarama kowa darasi iri ɗaya yake yi. A babba ne hanya take rabuwa.

A ƙarshen shekara ta uku yaro zai rubuta jarrabawar WAEC, hukumar da aka kafa a 1952, ko ta NECO, wadda aka kafa a 1999, ko dukansu biyu. Ana ba da sakamako daga A1 zuwa F9. Daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit. D7 da E8 an haye, amma ba kiredit ba ne. F9 faɗuwa ce. Jami'a takan nemi kiredit biyar, amma fa ba kowane biyar ba, sai a darussan da suka shafi abin da yaro yake so ya karanta.

Bayan wannan akwai jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978, wadda ita ce ƙofar shiga jami'a da kwalejin kimiyya da fasaha da kwalejin horon malamai. Darasi huɗu ake rubutawa: Turanci dole, sa'an nan uku da suka dace da karatun da ake nema. Yaro ba zai iya rubuta darasin da bai taɓa zama ajinsa ba. Watau zaɓen da aka yi a aji huɗu shi ne yake buɗe ƙofa ko ya rufe ta bayan shekara uku. Tun ran gini, ran zane.

2. A fara daga aikin, a dawo baya

Manomi ba ya shuka sa'an nan ya tsaya yana tunanin abin da zai girba. Yakan san abin da yake so ya zuba a rumbu tukuna, ya nemi irinsa. Haka ya kamata mu yi da yaro. A tambaye shi aikin da yake sha'awa, a sa ya faɗi biyu ko uku, sa'an nan a duba darussan da kowanne yake bukata. Ga kaɗan daga ciki:

Likita, ma'aikacin jinya, ungozoma, mai haɗa magani, likitan dabbobi: Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, tare da Turanci da Lissafi.

Injiniya: Lissafi, Fiziks da Kemistiri, tare da Turanci.

Malamin gona: Kemistiri, da Bayoloji ko darasin Noma, tare da Lissafi da Turanci.

Lauya: Turanci da Adabin Turanci, tare da darussa kamar Gwamnati, Tarihi, ko Ilimin Addini.

Akanta da ma'aikacin banki: Lissafi da Tattalin Arziki, tare da Turanci da darussan kasuwanci.

Malamin makaranta: darussan da yake so ya koyar, su ne zai ɗauka tun yanzu. Takardar NCE ita ce mafi ƙanƙantar shaidar koyarwa.

Abin lura ga mu manoma: mutane da yawa suna tsammani ɗan manomi, tun da ya iya garma, ba abin da zai hana shi karatun aikin gona. Ba haka ba ne. Mai son karanta aikin gona a jami'a, kamar ta Ahmadu Bello da ke Zariya, inda cibiyar binciken aikin gona ta Samaru take, lalle ne ya sami kiredit a Kemistiri. Gama taki, da ƙasa, da maganin ƙwari, duk sha'anin Kemistiri ne. Yaron da ya guje wa wannan darasi a aji huɗu ya guje wa wannan hanya ke nan.

Game da Lissafi kuma, a watan Oktoba na 2025 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwa cewa kiredit a Lissafi ba dole ba ne ga mai neman karatun fannin Adabi a jami'a. Amma ta ce dole kowane ɗalibi ya ci gaba da rubuta shi a jarrabawa, kuma har yanzu dole ne ga masu neman kimiyya da fasaha da fannin zaman jama'a. Saboda haka kada yaro ya ji wannan labari ya yar da littafin Lissafi. Ko ba don jami'a ba, wanda bai iya lissafi ba a kasuwa ake cutarsa.

3. A duba ƙarfin yaron

Ba kowace ƙasa ce take karɓar kowane iri ba. Shinkafa tana son fadama, gero yana son jigawa, kuma ba wanda ya taɓa cewa gero ya kasa don bai yi a fadama ba. Akwai wani ra'ayi da ya yaɗu, wai masu ƙwaƙwalwa su ne 'yan Kimiyya, ragowar kuwa a tura su Adabi. Wannan ra'ayi ya cuci yara da yawa. An tura wanda Lissafi yake ba shi wuya zuwa Kimiyya domin a kira ubansa baban likita, ya fito da F9 uku, alhali da an bar shi a Adabi da ya fito da kiredit bakwai.

To, yaya za mu san ƙarfin yaro? Ga hanya uku.

Ta farko, a tattara takardun sakamakonsa na shekara ukun da suka wuce, ba na zango ɗaya kaɗai ba. A duba Lissafi, da Kimiyya, da Turanci, da darasin Kasuwanci. In uba bai iya karatu ba, ba abin kunya ba ne, ya sami wanda ya amince da shi ya karanta masa.

Ta biyu, a je wurin malamin ajinsa da malamin Lissafi a tambaye su gaskiya. Matambayi ba ya ɓata. In makarantar tana da malamin ba da shawara, a gan shi.

Ta uku, a lura da yaron a gida. Wane ne yake kwance rediyo ya mayar? Wace ce take riƙe lissafin cinikin uwarta ba kuskure? Wane ne yake gane akuya ba ta da lafiya kafin kowa ya gani? Wa ake kira ya rubuta wasiƙa? Waɗannan duk alamu ne.

Kada a zaɓi sashe domin aboki ya zaɓa, ko don tsoron wani malami mai bulala. Aboki da malami za su wuce, takardar kuwa tana nan har tsufa.

Muna roƙon iyaye musamman game da 'yan mata. Dukanmu muna kuka cewa asibitin ƙauye ba ungozoma, matanmu suna shan wuyar haihuwa. Ungozoma daga ajin Kimiyya take fitowa. In yarinya tana da ƙarfi a Lissafi da Kimiyya, kada a ce wannan karatun maza ne.

4. A duba makarantar

Wata makaranta tana da sunan ajin Kimiyya, amma ba malamin Fiziks, ba ɗakin gwaje-gwaje. Ga shi kuwa a jarrabawar Fiziks da Kemistiri da Bayoloji akwai sashen gwaji da hannu, wanda yaro zai auna, ya haɗa, ya rubuta abin da ya gani. Kafin Satumba iyaye biyu ko uku su haɗu su je wurin shugaban makaranta da ladabi, su yi waɗannan tambayoyi:

Wane darasi ne yake da malami, wane ne ba shi da shi?

Akwai ɗakin gwaje-gwaje, kuma yara suna shiga?

An amince wa makarantar ta rubuta WAEC ko NECO a nan, ko kai yara ake yi wani wuri?

Yaya sakamakon bara ya kasance?

In ya zamana makarantar ba za ta iya ba da abin da yaron yake bukata ba, lokacin sake makaranta yanzu ne. Sake sashe ko makaranta a aji biyar ko shida yana da wuya ƙwarai, gama an riga an yi nisa.

5. Sana'a ba koma baya ba ce

A sabon tsarin karatu da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025, ɗalibin babbar sakandare zai ɗauki darasi takwas ko tara. A cikin na dole akwai Turanci, da Lissafi, da darasin zaman ɗan ƙasa da tarihin gado, da ilimin kwamfuta, da sana'a guda ɗaya. Sana'o'in da aka ware shida ne: haɗa wutar sola da gyaranta, ɗinki, kiwon dabbobi, gyaran jiki da kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu da amfanin gona. A tambayi makaranta wace ce a ciki take da malami da kayan aiki. Kada yaro ya ɗauki wannan darasi abin cika lissafi. Wanda ya koyi haɗa sola ko noman rani da kyau, yana iya biya wa kansa kuɗin karatu na gaba.

Akwai kuma kwalejojin koyon sana'a, inda ake shiga bayan aji uku a yi shekara uku ana koyon aikin lantarki, kanikanci, gini, kafinta ko walda. Jarrabawarsu ita ce ta NABTEB, kuma da takardarta ana iya ci gaba da karatu. Yaron da basirarsa take a hannunsa, wannan hanya ce mai mutunci.

6. Shirin da za a yi cikin hutu

Kuɗi. Satumba lokaci ne mai wuya, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai gama shigowa ba. A rubuta abin da ake bukata tun Yuli: kuɗin makaranta, yunifom, takalmi, littattafai, akwatin kayan lissafi, da gidan sauro ga mai zuwa makarantar kwana. Kuɗi mafi nauyi shi ne na rajistar jarrabawar ƙarshe, a aji shida. Muna ba da shawara a ware akuya ɗaya da sunan yaron tun yanzu. Akuya tana ɗaukar ciki wata biyar, in ta sami kulawa tana iya haihuwa sau uku cikin shekara biyu. Kafin lokacin rajista, 'ya'yanta sun rage nauyi. Masu adashi kuma su shirya kwasarsu ta faɗo daidai lokacin.

Suna da ranar haihuwa. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar ɗan ƙasa, watau NIN. A tabbata sunan yaro da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a takardar haihuwa, da ta NIN, da rajistar makaranta. Harafi ɗaya in ya bambanta, gyaransa yakan ci kuɗi da tafiye-tafiye.

Karatu. Ba mu ce a hana yaro zuwa gona ba, aikin gona ma tarbiyya ne. Amma a ba shi sa'a ɗaya kowace rana kafin duhu. Ya maimaita Lissafin aji uku, ya karanta Turanci da murya, ya ari littattafan aji huɗu daga wanda ya wuce. Turanci shi ne harshen dukan darussan nan, in ban da darasin harshe. Yaron da bai gane tambaya ba, ba zai amsa ba ko da ya san amsar.

Kwamfuta. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta JAMB. Kada ranar jarrabawa ta zama ranar da yaro zai fara taɓa ta. In akwai wurin koyo a garin kasuwa, ko mako biyu ya yi yana da amfani.

Zangon farko. A gaya wa yaro kada ya ce aji huɗu wurin hutawa ne tun da jarrabawa tana da nisa. Tambayoyin WAEC daga karatun shekara ukun duka ake fitar da su. In bayan zangon farko an ga sashen ya fi ƙarfinsa, a koma wurin shugaban makaranta nan da nan, kada a jira shekara ta ƙare.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Yara nawa ne a ƙauyenmu za su shiga aji huɗu bana? Mun san sashen da kowannensu yake so?

2. Waɗanne ma'aikata ne muka rasa a yankinmu, kuma waɗanne darussa ne suke kai wa ga aikinsu?

3. In ra'ayin uba ya saɓa da na yaro, wa za a kira ya shiga tsakani?

4. Wane taimako ƙungiyarmu za ta iya yi wa marayu da 'ya'yan gwauraye game da littattafai da kuɗin rajista?

Aikin wannan wata

A zaɓi mutum uku, a cikinsu har da mace, su ziyarci babbar sakandaren da ta fi kusa, su yi tambayoyin da ke kashi na 4, su kawo rahoto a taro na gaba. Kowane gida mai yaro ɗan aji uku kuma ya zo da takardun sakamakonsa, a duba tare kafin a koma makaranta. Allah ya ba yaranmu sa'a, ya ba mu damina mai albarka.