Kafin Ka Danna Sabuntawa

Ɗana, na ji kana shirin sauke sabon Premiere a tsohuwar laftof ɗinka, alhali bidiyon bikin mutane yana hannunka, rabi an tace rabi ba a taɓa ba. Ka dakata tukuna.

Idan ka buɗe aiki a sabon Premiere, zai mayar da fayil ɗin irin nasa, kuma duk abin da ka ƙara daga nan tsohon ba zai iya buɗe shi ba. To, ka ce ka yi kwana biyu kana yanka, sai kwamfuta ta fara sandarewa duk sanda ka ja layin aiki, fanka na kuka, hoton amarya na tsalle. Komawa baya ba ta yiwuwa sai ka yi asarar wahalarka, uwar amarya kuwa tana kira safe da yamma. Ka gama wannan aikin da abin da ka fara shi, ka miƙa, ka karɓi cikon kuɗinka.

Bayan nan sai ka duba abin da ke cikin na'urar, kada ka tsaya ga sunan da ke bayan murfi. "Core i7" kaɗai ba ya nufin komai, sai ka san zubi na nawa ne. Premiere na shekarun nan yana neman furosesar Intel zubi na 6 zuwa sama, RAM kuma 8GB ne mafi ƙaranci. Wannan mafi ƙarancin na buɗe manhaja ne kawai. Adobe masu Premiere da kansu 16GB suke ba da shawara ga aikin HD, 32GB ga 4K. Yawancin laftof na hannu da ake kawo mana an yi su ne don aikin ofis. Akwai kuma batun Windows: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa tana neman Intel zubi na 8 zuwa sama.

Abokanka za su ce ka koma DaVinci Resolve tunda akwai na kyauta, ba kamar Adobe da ya koma biyan wata-wata tun 2013 ba. Gaskiya ne, wajen gyaran launi ma babu kamarsa. Sai dai shi katin hoto yake dogara da shi, kuma daidai nan tsofaffin laftof suke da rauni.

Tambayar da nake so ka amsa wa kanka ita ce: mene ne tsohon ya kasa yi maka? Idan amsar ita ce ka ga wani a Zoo Road da sabo, wannan ba dalili ba ne. Idan kuwa kwastomomi suna kawo maka bidiyon iPhone na HEVC tsohon yana ƙin karɓa, ko wanda kuke musayar aiki da shi ya riga ya koma sabo, to maganarka tana da tushe. Idan kuma nauyin bidiyo ne kawai matsalar, sau da yawa furokzi ya isa: ka sa manhaja ta yi kwafi mara nauyi, ka yi yankanka a kansa cikin sauƙi, lokacin fitarwa ta koma kan na asali. Ka kunna shi da daddare in akwai wuta, da safe ka tarar ya gama.

Kuɗin da ke hannunka, ni da zan kashe maka su, SSD zan saya in cire tsohon hard disk mai juyawa, sannan in ƙara RAM idan akwai gurbi. Za ka ga bambancin tun daga kunnawa.

In kuma ka auna duka ka ga sabon kake bukata, ka sa shi gefen tsohon. Wajen saukewa akwai zaɓin goge na baya. Ka cire alamarsa. Ka kwafe wani aiki da ka riga ka miƙa, ka gwada sabon a kansa har zuwa fitarwa, kana kallon minti nawa ya ɗauka da yadda na'urar ta yi zafi.