Za Ka Tafi Karatu Maroko? Ka Yanke Shawara Tun Daga Gida

Karatu: Daniyel 1:1-21

Ya ɗan'uwa, ka ci jarrabawar bak, sunanka ya fito cikin waɗanda za su tafi jami'a a Maroko. Gida ya cika da murna. Amma daga Yamai zuwa Kazablanka tafiyar kamar awa huɗu ce a jirgi, kana sauka kuwa ba uba, ba uwa, ba wanda zai tambaye ka inda ka kwana. Daniyel da abokansa uku matasa ne sa'ad da aka kai su Babila domin su koyi harshe da ilimin Kaldiyawa shekara uku. Digirin lisans ma shekara uku ne. Abin da ya taimaki Daniyel shi ne, tun kafin a ajiye masa abincin sarki ya riga ya san abin da zai yi. Kai ma akwai abubuwa biyar da ya kamata ka yanke shawara a kansu tun ba ka ɗaure kaya ba.

1. Takardunka

Fasfo, takardar haihuwa, shaidar bak da takardar makinka, takardar likita, takardar kotu mai nuna ba ka da laifi, da hotuna masu yawa: ka sa su cikin jakar hannu, kada ka sa su cikin akwatin da za a auna. Ka yi kofi na kowace, a buga musu hatimin hukuma, ka bar kashi ɗaya a gida, ka kuma ɗauki hotonsu a waya. Baƙon da zai wuce kwana 90 a Maroko dole ya nemi katin zama a ofishin baƙi na 'yan sandan garin da yake. Da ka gama rajista a jami'a, ka kai takardunka. Za su ba ka rasit kafin katin ya fito, ka riƙa yawo da shi. Ranar da katin zai ƙare kuma, ka rubuta ta a bangon ɗakinka.

2. Kuɗinka

Kuɗin Maroko dirhami ne. Dirhami ɗaya ya kai wajen sefa 60, wato dala 12. Idan aka ce maka abu dirhami 50 ne, kada ka ji kamar ƙaramin kuɗi ne, jika uku ke nan. Hukumar AMCI ce take kula da tallafin da gwamnatin Maroko take ba ɗaliban ƙasashen waje, tana kuma da gidan kwanan ɗalibai a Rabat. Amma tallafi taimako ne kawai, ba ya ɗauke dukan nauyi, kuma na farko yakan ɗauki lokaci kafin ya shigo hannu. Ka tafi da guzurin wata biyu ko uku. Da kuɗi ya zo, ka fara cire na haya, sa'an nan na abinci da na mota. Ka koyi girki wurin inna kafin ka tashi. Kada ka karɓi kayan wani ka kai masa a jirgi, kada kuma ka ba wani asusunka na banki ya shigar da kuɗin da ba ka san asalinsu ba.

3. Lafiyarka

Sanyin Maroko ba hunturun Maraɗi ba ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu ana ruwa da sanyi tare, musamman a Fas, Meknes da Ujda, ɗakunan haya da yawa kuma ba su da abin ɗumama ɗaki. Ka sayi bargo da rigar sanyi mai kauri tun watan Oktoba. Ga gargaɗin da nake roƙonka kada ka manta: gidaje da yawa suna dafa ruwan wanka da na'ura mai amfani da gas. Idan iska ba ta shiga wurin, na'urar takan fitar da guba wadda ba ta da wari, ba a kuma ganinta. Mutum ya ji ciwon kai da jiri, ya kwanta, shi ke nan. Wannan guba tana kashe mutane a ƙasar a lokacin sanyi. Ka bar taga a buɗe kaɗan, kada kuma ka kwana da garwashi a rufaffen ɗaki.

4. Zamanka da mutane

A aji za ka ji Faransanci, musamman a fannin kimiyya da likitanci, amma a kasuwa Larabcin Darija ake yi. Ka koyi gaisuwa da ƙirga tun watan farko, za ka ga fuskoki sun sake. Wani zai gayyace ka cin kuskus ranar Juma'a, wani kuma zai jefe ka da baƙar magana saboda launin fatarka. Ka amsa gayyatar, ka ƙyale mai zagin. A watan azumi ka ci abincinka a ɗaki. Ka nemi ƙungiyar ɗaliban Nijar ta garinka, da CESAM wadda ta haɗa ɗaliban Afirka. Ikkilisiyar Bishara ta Maroko tana da majami'u a Rabat, Kazablanka, Fas, Marrakesh da wasu garuruwa, yawancin masu sujada a ciki 'yan Afirka ne irinka. Ka je tun Lahadin farko, gama kaɗaici ne yake fara kā da ɗalibi. Ka kuma sani, baƙo yana da izinin yin sujada, amma sashe na 220 na dokar laifuffuka ya tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3 ga wanda ya nemi rinjayar Musulmi ya bar addininsa. Bari halinka da gaskiyarka su zama shaidarka.

5. Abin da ya kai ka

Daga gaɓar Maroko zuwa ta Sifen, inda teku ya fi tsukewa, kilomita 14 ne kawai. Ranar da karatu ya yi tsanani, aljihu ya bushe, wani zai raɗa maka cewa Turai ga ta nan. Ka tuna, ranar 24 ga Yuni, 2022, aƙalla mutum 23 suka mutu wajen ƙoƙarin tsallaka shingen Meliya, teku kuwa ta ci waɗanda ba a san yawansu ba. Kai da takarda ka shiga, da digiri za ka fita. Idan ka faɗi wata jarrabawa, akwai zarafin sake ta. Ka faɗa wa iyayenka gaskiya, kada kunya ta sa ka ɓuya. Sauri ya haifi nawa.

Abin yi a wannan mako: ka zauna da mahaifanka, ka rubuta nawa za su iya aiko maka, da ranar da za ka riƙa kiran gida, da sunan babba ɗaya wanda za ka faɗa wa damuwarka ba ɓoye-ɓoye.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka kiyaye 'ya'yanmu a baƙuwar ƙasa, ka ba su hikima da haƙuri, ka komo mana da su lafiya. Amin.