Amsar Tambaya: Hanyar Ruwa Kafin Harsashi

Malam, ka tambaya ko dole ne ka bar hanyar ruwa, ka kuma kawar da ciyawar kachalla, kafin ka yanka fulotai a filinka na gefen Haɗejiya. Dole ne, ko jami'i bai leƙo ba. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta bincike kafin manyan gine-gine, amma dalilin ya fi takarda nauyi. Ƙasar da aka lulluɓe da siminti da kwano ba ta shan ruwa, sai ya kwarara gidan maƙwabci. Kachalla kuwa, tun da madatsun Tiga da Challawa suka hana ruwa janyewa da rani, ta toshe magudanai a fadamun Haɗejiya da Nguru, ruwa ya koma malala cikin gonaki.

Za ka ce da tsada, kuma wasu sun cike kwari sun yi gini lafiya. Damina mai nauyi ba ta riske su ba ne, kuma ruwan da suka kora yana kan wani. Lambatu da kwalbati yau sun fi arha a kan gyaran bango gobe. Kachallar, a yanke ta ƙasan ruwa don saiwarta ta ruɓe, domin ƙonawa kaɗai sai ta sake tohowa.