Talabijin da Tarbiyyar 'Ya'yanmu

Darasinmu na wannan wata ya shafi akwatin talabijin da ƙannensa, wato bidiyo da wayar hannu, da kuma irin tasirin da suke yi a kan 'ya'yan da Allah ya ba mu amana. A gidaje da yawa talabijin ne ya sami wuri mafi daraja a falo, shi kowa ke fuskanta in an zauna. Ya kamata mu tambayi kanmu abin da yake koya wa yaranmu, da kuma wanda ke da ikon yi masa iyaka.

YADDA YA ISO GARE MU

An buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya a Ibadan cikin 1959, na Kaduna ya biyo baya a 1962. Tashar Jos ce ta fara nuna hoto mai launi a 1975, sa'an nan aka kafa hukumar NTA a 1977. Manya a cikinmu za su tuna zamanin da akwati ɗaya ke isar unguwa guda, yara su taru a tagar maƙwabci don kallon Samanja ko Karkuzu. A lokacin sai da yamma tasha ke buɗewa, dare ya yi ta rufe, kuma babba da yaro abu ɗaya suke kallo tare.

A 1992 doka ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshinsu. Kaset ɗin bidiyo da tashoshin tauraron ɗan'adam suka yawaita, wayar hannu ta shigo a 2001, yau ga ta ɗauke da fina-finan duniya a tafin hannun yaro. A dā tasha ce ke sallamar yara su je su kwanta. Yanzu babu tashar da ke rufewa, saboda haka aikin rufewa ya dawo hannun iyaye.

ABIN DA IKILISIYA TA KOYAR

Ikilisiya ba ta ɗauki talabijin a matsayin abin ƙyama ba. A 1958 Paparoma Pius na 12 ya naɗa Waliyiya Clara ta Assisi majiɓinciyar talabijin, domin an ba da labari cewa lokacin da ciwo ya hana ta zuwa Misar Kirsimeti, ta ga Misar, ta kuma ji ta, tana kwance a ɗakinta. A ranar 4 ga Disamba 1963 Majalisar Vatican ta Biyu ta fitar da takardar Inter Mirifica, inda ta lissafta kafofin watsa labarai cikin abubuwan ban mamaki da basirar ɗan'adam ta samar da taimakon Allah. A cikin wannan takarda kuma aka ɗora wa iyaye nauyin tsare ƙofar gida daga abin da zai ɓata bangaskiya da ɗabi'a.

A 1994, shekarar da aka keɓe domin iyali, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya yi saƙonsa na Ranar Sadarwa ta Duniya a kan talabijin da iyali. Ya yarda cewa talabijin na iya ƙara wa iyali ilimi, ya kuma haɗa kansu. Amma ya yi gargaɗi cewa ko shirin ba shi da aibi, yawan kallo na iya raba mutanen gida, kowa ya shige duniyarsa. Ya ce iyayen da suka mai da talabijin mai renon 'ya'yansu sun saki matsayinsu na malaman farko, kuma wani lokaci tarbiyyar kallo ba ta wuce a tashi a kashe akwatin ba.

Mu tuna ranar Baftisma. Sa'ad da Fada ya tambaye mu ko mun karɓi nauyin renon wannan yaro cikin bangaskiya, mu ne muka amsa. Wannan alkawari ya shafi abin da ke shiga idonsa da kunnensa a cikin ɗakinmu.

ABIN DA YAWAN KALLO KE YI WA YARO

Na farko, harshe. Jariri daga bakin mutum yake koyon magana, mutumin da zai dube shi, ya amsa masa, ya yi masa dariya. A 2003 masana a Jami'ar Washington ta Amurka, ƙarƙashin Patricia Kuhl, sun gwada wannan da jarirai 'yan wata 9 waɗanda Turanci ake yi a gidajensu. Waɗansu aka zaunar da su sau 12 tare da masu yi musu magana da harshen Sinanci, waɗansu kuwa aka nuna musu masu maganar a bidiyo. Na farkon suka iya rarrabe sautukan harshen, na bidiyo kuwa suka fito kamar ba su taɓa jin sa ba. Saboda haka uwar da ke goye da ɗanta tana yi masa hira tana girki ta fi kowane shirin yara amfani gare shi. Wannan ya shafi harsunanmu na gado ma, gama yaron da akwati ya rena ba zai iya gaishe da kakarsa da harshenta ba.

Na biyu, kwaikwayo. A 1961 da 1963 wani masani mai suna Albert Bandura, na Jami'ar Stanford, ya sa ƙananan yara suka ga babban mutum yana dukan wata 'yar tsana. Da aka bar su da ita, da yawa suka yi mata irin dukan da suka gani, waɗanda suka gani a fim ma haka suka yi. Wannan bai nuna cewa duk yaron da ya kalli faɗa zai zama mugu ba. Abin da ya nuna shi ne yaro yana ɗaukar darasi daga hoto kamar yadda yake ɗauka daga mutum. Zagi, da rashin kunya ga manya, da tsiraici, da yarda cewa arziki daga tsafi yake zuwa, duk suna iya shiga ta wannan hanya. Ubangijinmu ya kwatanta ido da fitilar jiki (Matiyu 6:22), ya kuma yi kashedi mai tsanani ga wanda zai sa ƙaramin yaro tuntuɓe (Matiyu 18:6).

Na uku, barci da lafiyar jiki. Likitoci sun ce yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. Hasken akwati da tashin hankalin fim suna jinkirta barci, gobe kuwa sai gyangyaɗi a aji, malami ya ce yaron daƙiƙi ne alhali gajiya ce. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban akwati, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce awa 1 a rana, in ya gaza haka ma ya fi kyau.

Na huɗu, kwaɗayi. Yaron da bai kai shekara 7 ko 8 ba yakan ɗauki talla gaskiya ce zalla, bai san ciniki ake yi da shi ba. Daga nan sai ya fara raina tuwon gidansu da tufafin da ubansa ya iya saya masa.

Na biyar, lokaci. Mu yi lissafi tare. Yaron da ke kallon awa 3 kowace rana ya yi awa 21 a mako, awa 1,095 a shekara, wato fiye da kwana 45 dare da rana. Mu gwada wannan da awannin da yake yi a Misa da ajin katikizim, da mintocin da muke zama mu yi hira da shi. Littafin Kubawar Shari'a 6:6-7 ya umarci iyaye su koya wa 'ya'yansu maganar Allah a zaman gida, da kan hanya, da lokacin kwanciya da na tashi. Waɗannan su ne ainihin lokutan da akwati ya fi cinyewa.

ABIN DA ZA MU YI

1. Mu fara da kanmu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uban da ke cin abinci idonsa a kan waya ba shi da bakin hana ɗansa.

2. Mu sa doka tun yara suna ƙanana, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A faɗi lokacin kunnawa da na kashewa, kuma a gama aikin makaranta da na gida tukuna. Uba da uwa su zama baki ɗaya, kada yaro ya sami wajen ɗaya abin da ɗayan ya hana.

3. Mu keɓe lokutan da ba a kallo: lokacin cin abinci, lokacin addu'ar iyali ko Rosari, da awa ɗaya kafin barci. Kada akwati ko waya su kwana a ɗakin yara. A coci ma, mu daina miƙa wa yaro waya don ya yi shiru a lokacin Misa.

4. Mu san abin da za a kalla kafin a kunna, mu kuma zauna mu kalla tare da su. In an gama mu tambaye su: Me wannan mutum ya yi? Daidai ne? Da kai ne me za ka yi? Da haka fim zai zama abin koyarwa a hannunmu.

5. Mu ba su abin da zai maye gurbi. Tatsuniya, kacici-kacici, langa, carafke, dara, ƙwallo a fili, waƙoƙin coci, karatun littafi, taya uwa aiki ko bin uba gona. In muka kashe akwati muka bar yaro ba abin yi, zai nemi na maƙwabta.

6. Mu haɗa kai da maƙwabta. Gidan da ba shi da talabijin bai tsira ba, domin akwai ɗakin maƙwabci, da wayar aboki, da gidan kallo inda ake nuna ƙwallon Turai har dare. Mu san inda 'ya'yanmu suke, da wanda suke tare da shi. Zumuntar Mata da ta Maza za su iya tattauna wannan, iyayen unguwa ɗaya su tsai da magana ɗaya.

7. Mu yi hukunci da ƙauna. Manzo Bulus ya gargaɗi ubanni kada su tsokane 'ya'yansu su fusata (Afisawa 6:4). Mu bayyana dalilin doka, musamman ga matasa, domin wata rana za su bar gabanmu, kuma abin da zai tsare su a lokacin shi ne lamirin da muka gina musu.

Muna da misali a Carlo Acutis, yaron Italiya da ya rasu a 2006 yana da shekara 15, wanda Paparoma Leo na 14 ya sa cikin waliyyai a ranar 7 ga Satumba 2025. Gwani ne na kwamfuta, ya kuma yi amfani da ita wajen tattara labaran mu'ujizan Yukaris. Duk da haka an shaida cewa ya ƙayyade wa kansa wasan kwamfuta ga ɗan lokaci kaɗan a mako. Irin wannan kamun kai ne muke roƙa wa 'ya'yanmu.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Awa nawa 'ya'yanmu suka yi suna kallo a makon da ya wuce, kuma mun san abin da suka kalla?
2. Wane lokaci na iyali ne kallo ya ƙwace a gidanmu, ta yaya za mu dawo da shi?
3. Wace doka ɗaya ce mu iyaye za mu fara ɗora wa kanmu daga wannan Lahadi?

Allah Uba, wanda ya danƙa Ɗansa a hannun Maryamu da Yusufu, ya ba mu hikima da haƙuri mu riƙe amanar 'ya'yanmu, ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.