Wa Zai Fara Tsallake Iyaka?

Karatu: 2 Tarihi 28:8-15

Ku karanta wannan wurin a hankali, gama ba a cika yin wa'azi a kansa ba.

Bayan mutuwar Sulemanu ƙasar Isra'ila ta tsage biyu. Kabila goma suka bi Yerobowam a arewa, sauran suka tsaya da Rehobowam a Yahuza. Kimanin shekara 200 bayan haka, a zamanin sarki Ahaz, mutanen arewa suka ci Yahuza da yaƙi, suka kora mata da yara 200,000 zuwa Samariya domin su bautar da su. Sai annabi Oded ya tare mayaƙan a hanya, ya tuna masu cewa waɗannan 'yan'uwansu ne, kuma su ma suna da nasu laifi a gaban Ubangiji. Ku lura da abin da ya biyo baya. Daga cikin ganimar aka tufatar da marasa sutura, aka ba su takalma, aka ciyar da su, aka shafa masu mai. Raunana aka ɗora a kan jakuna. Kuma ba a ce masu "ku tafi, Allah ya kiyaye hanya" ba: mutanen Samariya da ƙafarsu suka raka su har Yariko, wurin danginsu.

Mu a Fakku ba sai mun je nesa neman misali ba. A 1805 mayaƙan jihadi suka ci Birnin Kabi, ƙasar Kabi ta rabu. Wani sashe ya shiga hannun Gwandu, Kabawan da suka ƙi miƙa wuya daga baya suka kafu a Argungu. Kusan ƙarni guda ana kai hari ana ramawa. An taɓa ƙulla sulhu a zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, wanda ake kira Lafiyar Toga, amma bayan 'yan shekaru aka koma gidan jiya. Zuwan Turawa ya tsayar da yaƙin, sai dai ajiye mashi daban, wanke zuciya daban. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka har Argungu a matsayin baƙo. Kabawa suka shiga ruwa suka yi masa su, suka karrama shi da kifi. Daga wannan tarbar ce bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali.

Waɗannan sarakuna ba 'yan ikkilisiya ba ne, kuma a ganina wannan ya isa ya ba mu kunya. Mu da aka danƙa wa hidimar sulhu (2 Korintiyawa 5:18), sau nawa muke zaune muna jira ɗaya gefen ya fara zuwa?

Layin da aka ja a 1991, lokacin da aka cire Jihar Kebbi daga Sakkwato, bai hana kowa cin kasuwar Jega ba. Iyakar da ta fi wuyar tsallakewa ita ce wadda muka gada a cikin gida: gidan da kakanku ya ce kada a ci abincinsu, rugar da ba ku sake gaisawa da ita ba tun da shanu suka shiga gona, maƙwabci Musulmi da aka yi masa rasuwa kuka wuce ta bayan gida. Wani zai ce, "Mai bishara, ai su suka fara." Mai yiwuwa gaskiya ne. Yahuza ma tana da laifi, Oded bai ɓoye ba, duk da haka ya ce a mai da kamammun gida. Ban ce ku kai kanku hannun 'yan bindiga a daji ba. Maganar maƙwabcin da kuka san sunansa nake yi.

Kafin Lahadi mai zuwa, kowa ya roƙi Ruhu Mai Tsarki ya nuna masa gida ɗaya. Ku je da ƙafarku, ku yi sallama, ku riƙe wani abu a hannu ko da kwanon gero ne. In an kawo maku ruwa, ku sha.