Yadda Ɗan Kasuwa Zai Sa Kuɗin Kwamfutar Hannu a Lissafin Harajinsa

A birnin Kano, daga Court Road zuwa bakin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kwamfutar hannu, wadda 'yan kasuwar waya ke kira tab, ta zama kayan aikin shago. Mai kemis da ita yake duba maganin da ya rage a kanta, tela da ita yake nuna samfurin ɗinki, mai sayar da atamfa da ita take ɗaukar hoton kaya ta tura wa masu saye. Duk wanda ya saye ta don sana'a, doka ta ba shi damar rage kuɗinta daga ribar da za a yanka masa haraji a kai. Da yawa suna asarar wannan haƙƙi tun ranar saye, saboda sun bar shago ba takarda a hannu.

Bayanin nan ya dogara ne da sababbin dokokin haraji huɗu da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025, suka fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026.

Mataki na farko: san hukumar da kake biya

Idan kasuwancin naka ne kai kaɗai, ko da ka yi rajistar sunan shago a CAC, harajinka na jiha ne. Hukumar Tattara Haraji ta Jihar Kano, wato KIRS, mai hedikwata a Bank Road, ita za ka nufa. Idan kuma kamfani ne mai rajistar Limited, lissafinsa na hukumar tarayya ne, NRS, wadda ta gaji FIRS. Lambar haraji ta mutum ɗaya yanzu ta rataya ne a kan lambar NIN, ta kamfani kuma a kan lambar rajistarsa ta CAC. Ka tabbata sunan da ke jikin waɗannan lambobi shi ne zai fito a rasit.

Mataki na biyu: sayen da ke barin shaida

Nan ne aikin yake. A kasuwar waya ta Farm Centre da ta Beirut Road an saba da ciniki na amana: a daidaita, a ƙirga kuɗi, a sa kaya a leda, a yi musabaha. Ma'aikacin haraji bai halarci musabahar ba, takarda kawai yake gani. Don haka kafin ka tashi daga benci, ka sa a rubuta maka rasit mai ɗauke da sunan shagon da lambarsa, kwanan wata, sunanka ko na kasuwancinka, samfurin na'urar, farashi, da lambar IMEI. Wannan lamba tana jikin kwali, kuma tana cikin saitin na'urar; ka gwama su biyu a gaban mai shago. Idan tab ɗin ba ta ɗaukar layi, siriyal lambarta ce za a rubuta.

Ka biya ta banki daga asusun kasuwanci. Rasit da shaidar tura kuɗi idan suka zo da rana ɗaya da adadi ɗaya, gardama ta ƙare.

Sannan ka tambayi maganar VAT, wanda ke kan kashi 7.5 cikin 100. Sabuwar doka ta ce kayan da ya wajaba a caji VAT a kansu amma ba a caja ba, ko waɗanda aka shigo da su ba a biya kuɗin kwastan ba, ba za a karɓe su a lissafin ragi ba. Ƙananan shaguna an ɗauke musu karɓar VAT, amma babban dila ya kamata rasit ɗinsa ya nuna shi a fili. Tab ta hannu mai araha wadda ba a san ta inda ta shigo ba tana iya ba ka sauƙi yau, ta hana ka ragi gobe.

Kada ka dogara da kwafin da ke littafin mai shago. Gobarar da ta tashi a Farm Centre ranar Babbar Sallar 2025 ta isa darasi. Ka ɗauki hoton rasit ɗin nan take ka tura wa kanka ta imel, domin tawadar rasit na inji tana gogewa.

Mataki na uku: shigar da ita littafi

Kuɗin da ake kashewa a kasuwanci iri biyu ne. Akwai na yau da kullum, irin su data, cajin na'ura da gyaran gilashi. Waɗannan ana cire su gaba ɗaya a shekarar da aka kashe su. Akwai kuma kadara, wato abin da zai yi shekaru yana aiki, kuma tab a nan take. Ka ware shafi a littafin shago don kadarori, ka rubuta ranar saye, farashi, lambar na'urar, da ranar da ta fara aiki.

Mataki na huɗu: raba na shago da na gida

Sharaɗin doka shi ne kuɗin ya zama an kashe shi ne kacokan don neman ribar. Idan da rana tana kan kanta, da dare yara suna kallon katun a cikinta, kason sana'a kaɗai za ka nema. Ka auna tsakaninka da Allah: rabi ne, ko kashi uku cikin huɗu? Ka rubuta dalilinka a gefe. Mafi sauƙi shi ne a bar ta a shago, da layin shago a ciki, sai a nemi kuɗinta duka ba tare da inda-inda ba.

Mataki na biyar: lissafi

Ba a cire kuɗin kadara a tashi ɗaya. Sabuwar doka ta kasa kadarori gida uku: masu ragin kashi 10 cikin 100 a shekara, kamar gine-gine, masu kashi 20, kamar injuna da kayan aiki, da masu kashi 25, kamar motoci da manhaja. Mu ɗora misali a kan kashi 20.

A ce tela ya sayi tab naira 300,000, kashi uku cikin huɗu na aikinta na shago ne. Abin da zai shiga lissafi naira 225,000 ke nan. Kashi 20 na wannan naira 45,000 ne, ita zai riƙa cirewa daga ribarsa kowace shekara har kusan shekara biyar. Naira 800,000 ta farko ta kuɗin shigar mutum ba ta da haraji, miliyan 2.2 da ke biye ana yanka mata kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18. Idan telan yana matakin kashi 15, ragin ya rage masa naira 6,750 a shekara. Gwamnati ba za ta mayar masa da kuɗin tab ba. Amma idan ya yi wa keken ɗinki, janareta da kayan sola irin wannan lissafi, zai ga bambanci mai kauri.

Mataki na shida: miƙa bayani

Mai kasuwancin kansa yana miƙa bayanin kuɗin shigarsa na bara kafin ƙarshen ranar 31 ga Maris. Na 2026 zai shiga ne a 2027. Kamfani kuma yana da wata shida bayan rufe shekarar lissafinsa. A fom ɗin za ka nuna cinikin shekara, kuɗin gudanarwa, ribar da ta rage, sannan ragin kadarori a gurbinsa. Ko ribarka ba ta kai abin haraji ba, ka miƙa. Tarar rashin miƙawa naira 100,000 ce a watan farko, da 50,000 a kowane wata bayansa. Idan lissafin ya yi maka yawa, akanta ko mai ba da shawara kan haraji zai duba maka.

Mataki na bakwai: ajiya da bibiya

Ana ajiye takardun haraji aƙalla shekara shida. Idan an sace na'urar, ka samu rahoton 'yan sanda. Idan ka sayar ko ta mutu, ka rubuta ranar, ka daina neman ragi a kanta. Idan hukuma ta aiko da adadin da bai yi daidai da lissafinka ba, kana da kwana 30 ka rubuta ƙorafi, ka haɗa da kwafin rasit da shafin littafinka. Duk biyan da za ka yi kuma ya bi ta banki, ka karɓi rasit na gwamnati.

Wanda ba shi da littafi, doka ta yarda a yi masa harajin ƙiyasi, a dubi shago a yanka masa adadi. Mai littafi da rasit shi yake kawo lissafinsa a duba. Ɗan uwa mai shago a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, duk ranar da ka sayi kayan aiki, kada ka sa shi a leda sai rasit ya shigo hannunka.